Waya ko Na'urar GPS: Wanne Zai Kai Ka a Doguwar Tafiyar Keke?

Tambaya: Ina shirin tafiyar wata biyu a kan keke da kaya da tanti, kusan kilomita 3,000. Wani ɓangaren hanyar babu sabis ɗin waya, kuma zan iya yin kwana uku ko huɗu a jere ban ga wutar lantarki ba. Wayata kaɗai za ta isa ta nuna mini hanya, ko sai na sayi na'urar GPS ta musamman? In sai na saya, wace iri?

Amsa: Wayarka za ta iya, amma ba da irin riƙon da kake yi mata a cikin gari ba. Ga tafiyar da ka bayyana, abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramar na'ura a kan keke wadda ba ta da wani aiki sai nuna maka layin da za ka bi, waya kuma ta zauna a jaka da taswirorinta, a ciro ta idan ana neman ruwa ko masauki ko za a sauya hanya. Sai dai, ɗan'uwa, kada ka fara da maganar saye. Abu biyu ne ke kayar da matafiya a wannan fanni: batir ya mutu, ko kuma layin da aka zana tun daga gida ya zama ba na bi ba ne. Rashin samun tauraron ɗan'adam, wanda shi kowa yake tsoro, da wuya ya zama shi ne matsalar.

Bari mu kawar da maganar sabis tukuna. GPS ba ya buƙatar layin waya, ba ya buƙatar data. Taurarin ɗan'adam ne kimanin 30 na Amurka suke zagaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa, na'urarka kuwa saurare kawai take yi, ba ta aika komai. Da ta ji guda huɗu, ta san inda kake. Wayoyi da na'urorin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin, don haka a fili kuskuren ba ya wuce 'yan mitoci. Abin da ke buƙatar intanet shi ne taswirar da ke ƙarƙashin ɗigon nan mai shuɗi da ke nuna inda kake a allo. In ba ka sauke ta a waya tun kana da sabis ba, za ka ga ɗigonka daram a tsakiyar farin allo, waya ta san inda kake, kai ba ka sani ba. Wani ɗan abu kuma: a inda babu sabis, ko bayan ka yi doguwar tafiya a jirgi da na'urar a kashe, kamun farko yakan ɗauki mintuna. Ka ajiye ta a fili, a wuri guda, ka ƙyale ta. Yawo da ita a hannu ana jijjigawa ba ya ƙara mata sauri.

Raunin waya a kan keke ba daga GPS ɗinta yake ba, daga allonta ne. Allon waya haske yake fitarwa, don haka da tsakar rana sai ka ƙure masa haske kafin ka ga komai, kuma nan ne batir ke zubewa. Waya mai kwana ɗaya da rabi a aljihu, in ka ɗaura ta a kan keke da allo a kunne, kafin la'asar ta gama. Ga zafi: yawancin wayoyi an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, rana na dukanta daga sama, caji na dumama ta daga ciki, sai ta rage hasken allo da kanta, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta kashe kanta har sai ta huce. Ga ruwa: allon taɓawa ba ya bambanta yatsa da ɗigon ruwa. Kana gangarowa wata mararraba, gumi ya ɗigo daga haɓarka ya faɗa kan allon, taswira ta yi tsalle ta koma wani gari, kai kuma hannuwanka biyu suna kan birki. In ruwan ya shiga ramin caji, wayoyi da yawa suna ƙin karɓar wuta har sai wurin ya bushe. Sannan girgiza. A 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa jijjigar babura masu babban inji tana lalata sashen daidaita hoto na kyamara. Keke bai kai babur ba, amma mako takwas a kan hanyar burji mai gargada ba ƙaramin abu ba ne, don haka in dole sai ka ɗaura wayar, nemi mariƙi mai roba mai shanye girgiza. Babban abin dubawa ma shi ne, wayar nan ita ce kyamararka, ita ce bankinka, da ita za ka nemi taimako. Ba ita ya kamata ta fara dukan ƙasa ba ranar da ka faɗi.

Duk da haka mutane da yawa sun ratsa nahiyoyi da waya kaɗai, kuma dabararsu ɗaya ce: allo a kashe. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama, domin a inda sabis ke da rauni neman sa da take yi ba hutawa yana cin batir fiye da GPS ɗin kansa. Ka kunna umarnin murya, ka sa wayar a jakar gaba ko aljihun riga. A hanyar da za ka yi kilomita 40 ba ka ga mararraba ba, kallon allo ba shi da wani amfani.

Game da manhaja, kada ka jingina da Google Maps. Tana da kyau wajen neman shago ko masauki a gari, amma taswirarta da ake saukewa ba ta ba da hanyar keke idan babu intanet, ta mota kawai take lissafawa, kuma ba ta gaya maka ko hanya kwalta ce ko yashi. Kusan duk manhajojin da matafiya ke amfani da su sun dogara ne da OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004. OsmAnd ita ce mafi cika: tana lissafa hanyar keke ba intanet, tana nuna irin shimfiɗar hanya, tana nuna famfunan ruwa da wuraren kafa tanti, tana nuna layukan tudu. Sai dai saitinta yana da yawa, sai ka zauna da ita kwana biyu ko uku kafin ta saba da hannunka. Organic Maps ba ta kai ta zurfi ba, amma tana da sauƙi, ba ta cin batir, kuma ta dace ta zama ta biyu. Komoot da Ride with GPS sun fi ƙarfi wajen zana hanya a kwamfuta da tura ta zuwa na'ura, amma amfani da su ba intanet yakan buƙaci biyan kuɗi, don haka ka tabbatar kafin ka tashi. Ka sa aƙalla biyu a wayarka, ka sauke taswirar duk yankunan da za ka ratsa har da maƙwabtansu, saboda gada na iya karyewa ta tilasta maka zagaye ta jihar da ba ta cikin lissafi. Bayan ka sauke, ka kashe data da Wi-Fi ka buɗe kowace taswira ka zuƙo ta har ƙananan hanyoyi su bayyana. Da yawa sun ɗauka sun sauke, ashe abin da wayar ta riƙe na wucin gadi suke gani.

Na'urorin da ake ɗaurawa a kan keke iri biyu ne. Akwai kwamfutocin keke irin su Garmin Edge da Wahoo ELEMNT da Hammerhead Karoo da Coros Dura. Yawancinsu allonsu yana amfani da hasken rana ne maimakon ya yi faɗa da shi, don haka rana na ƙara ƙarfi rubutun na ƙara fitowa. Galibi suna da hatimin IPX7, wato suna jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, kuma suna yin ƙara kafin kowace kwana. Abin da kamfanonin suka ce game da batir: Edge Explore 2 awa 16, ELEMNT Roam na biyu awa 17, Edge 540 awa 26, Edge 1040 awa 35, Coros Dura kuwa awa 120 ba tare da an lissafa abin da solarta ke ƙarawa ba. Waɗannan alƙaluman na yanayi mai daɗi ne. In taswira tana kunne, hasken baya yana kunne, ana sanyi, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Amma ko da hakan, batirinsu ƙarami ne, cika shi ba ya cin rabin abin da waya ke ci. Ka zaɓi mai maɓallai na dannawa ko da yana da allon taɓawa, saboda ranar ruwa da ranar safar hannu. Kuma kada ka biya kuɗin abubuwan 'yan tsere, irin su auna ƙarfin taka feda da tsarin atisaye. Kai taswira kake so da batir.

Iri na biyu shi ne na'urar hannu ta masu hawan duwatsu, musamman Garmin eTrex, irin su 22x da 32x. Allonta ƙarami ne, tana da nawa, ana tuƙa ta da wani ɗan sanda kamar kan ashana, kuma in ka saba da waya za ta ba ka haushi a makon farko. Amma da tsohuwar zuma ake magani: batir biyu ƙirar AA take ci, suna kai ta kimanin awa 25, kuma irin batirin nan kusan ko'ina a duniya ana samun sa. Ka ɗauki guda takwas a jaka, ka manta da soket na tsawon mako biyu. Masu caji ƙirar NiMH sun fi araha a doguwar tafiya, na lithium sun fi jure sanyi kuma sun fi sauƙin nauyi. Sai ka tuna ka shiga saiti ka gaya mata irin batirin da ka sa, in ba haka ba ma'aunin zai riƙa yi maka ƙarya. Matsalarta da aka sani a kan keke ita ce girgiza takan sa batirin ya rabu da ƙarfen da yake taɓawa na ƙiftawar ido, sai ta mutu. Ɗan guntun soso ko takarda a ƙarƙashin murfi yana maganin wannan. Kuma kowace iri ka saya, ka ɗaure ta da ɗan zare a jikin keke ban da mariƙinta. Mariƙi roba ne, yana karyewa.

Ga tafiyarka ta kwana huɗu ba wuta, ko eTrex ko kwamfutar keke mai awa 25 zuwa sama, duk za su yi. In hanyarka yawanci kwalta ce mai yawan mararraba da garuruwa, ɗauki kwamfutar keke saboda ƙarar kwana. In jeji ne da burji, ɗauki eTrex.

Yanzu ga inda aikin yake. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da ka zuba mata, kuma abin da ake zuba mata fayil ne mai suna GPX. A cikinsa ana iya samun abu uku. Akwai sawu, wanda manhajoji ke kira tirak: dubban ɗigogi a jere da suka zana hanyar daidai kamar sawun taya a yashi. Akwai hanya mai lissafi, wato 'yan tashoshi kaɗan da na'urar za ta haɗa da kanta bisa taswirar da ke cikinta. Akwai kuma alamomi na wurare ɗaiɗai, kamar rijiya ko shago. Ka yi amfani da sawu. Dalili kuwa, hanya mai lissafi tana sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Ka zana ta a kwamfuta ta bi gefen kogi, na'urar ta sake lissafi da tata taswirar ta ɗora ka kan babban titin manyan motoci, kai kuma ba ka sani ba sai ka ji hon. Sawu ba ya motsi. Ko taswirar ba ta san da hanyar ba, layin yana nan, kai kuma kana ganin ko kana kansa ko ka kauce.

Saboda wannan dalilin ne ma ya kamata ka kashe sake-lissafi na kai tsaye. In ka kauce mita 200 don sayen abinci, wasu na'urori sukan jefar da layinka su ƙirƙiro sabo, ko su nace sai ka juya ka koma daidai ɗigon da ka bari. Ka saita ta ta sanar da kai cewa ka kauce, ta tsaya nan, komawa kan layi aikin idonka ne.

Kada ka zuba kilomita 3,000 a fayil ɗaya. eTrex tana karɓar ɗigo 10,000 ne a sawu guda, abin da ya haura sai ta yanke shi ba tare da ta gaya maka ba, ranar da ka kai wurin sai layin ya ƙare a tsakiyar daji. Kwamfutocin keke kuma sukan ɗauki mintuna suna lissafa dogon fayil, wani lokaci su sandare. Ka yanka hanyar gunduwa-gunduwa, kilomita 100 zuwa 200 kowace, ka sa musu lamba a farkon suna, 01, 02, 03, da sunan garin farko da na ƙarshe. Ka tabbatar kowace gunduwa tana fuskantar inda za ka, domin fayil ɗin da ka samo daga wanda ya bi hanyar daga arewa zuwa kudu zai riƙa ce maka ka juya in kai daga kudu ka taso. Juya shi dannawa ɗaya ne a manhajar zane. Ka ajiye kwafin duka a na'ura, a waya, a katin memori, da kuma imel ɗinka.

Idan hanyarka ta bi ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin keke, an rage maka wahala. EuroVelo a Turai tana da hanyoyi 17, kuma ana sauke fayilolinsu. A Amurka ƙungiyar Adventure Cycling Association tana da taswirori da fayilolin hanyoyinta, ciki har da TransAmerica da aka buɗe a 1976, mai tsawon kusan kilomita 6,800. Amma in kai za ka zana da kanka, ka sani manhaja tana zaɓar hanya ne bisa bayanin da wani ya shigar, kuma inda ba a shigar da komai ba, zato take yi. A OpenStreetMap ana ba hanyoyin gona da na daji daraja daga 1 zuwa 5: ta 1 mai tauri ce ko shimfiɗaɗɗiya, ta 5 kusan ciyawa ce da ƙasa mai laushi. Keke mai ɗauke da kilo 25 na kaya yana tafiya lafiya a ta 1 da ta 2, ta 3 sai da rani, ta 4 da ta 5 kuwa turawa za ka yi. Duk inda manhaja ta ce ba a san shimfiɗar ba, ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam ka duba da idonka. Ka bi layin gaba ɗaya a allon kwamfuta, a zuƙe, kilomita bayan kilomita. Aikin yini ne ko biyu, kuma ya fi komai da za ka saya amfani. Abin da kake nema: inda layin ya tsallaka kogi, akwai gada ko mashigi ne kawai da ruwa ke rufewa? In jirgin fito ne, yana aiki a watan da za ka iso? Akwai ramin da aka huda ta cikin dutse wanda aka hana keke shiga? Layin ya ratsa gonar wani mai ƙofa a kulle, ko filin soja? Kan iyakar da ya nufa, baƙi suna ƙetarewa ta nan ko ta mazauna yankin ce kawai? Manhaja ba ta da fasfo, ba ruwanta.

Sai hawa. Mutane sukan duba kilomita su manta da tudu, alhali tudu ne ke yanke tsawon yini. Mai kaya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta yana yin kilomita 15 zuwa 18 a awa. Ga lissafi mai sauƙi: raba nisan da 15, sannan ka ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 400 na hawa. Kilomita 75 da hawan mita 1,200 ya zama awa 5 da ƙarin 3, awa 8 a kan sirdi ban da hutu. Ka duba tsananin hawan ma. Kashi 5 cikin 100 yana nufin ka hau mita 5 a kowane mita 100, kuma wannan ana jure shi awa da awa. Daga kashi 10 zuwa sama, da kaya, yawancin mutane sauka suke yi. Jimillar hawan da manhajoji ke bayarwa kuma takan bambanta sosai a kan hanya guda, domin suna ɗauko tsayin ƙasa ne daga ma'aunin da aka yi daga sama, irin na SRTM na shekarar 2000, wanda ke raba ƙasa murabba'i-murabba'i na mita 30 ko 90. A cikin kwazazzabo, hanyar da ke manne da gindin dutse sai a lissafa ta kamar tana hawa tana sauka a jikin dutsen. Gada a ɗauka ka gangara har ƙasan kwari, ramin cikin dutse a ɗauka ka haye ƙololuwa. In ka ga wani tsini ya miƙe a zanen tudu kamar mashi, duba taswira, galibi ɗayan waɗannan ne.

Kafin ka rufe kwamfuta, ka sa alamomin ruwa da abinci da wurin kwana a kan kowace gunduwa, ka rubuta tazarar da ta fi tsawo tsakanin ruwa da ruwa. Manhajar iOverlander tana da wuraren da matafiya suka shigar da kansu, amma ka duba ranar da aka yi bayanin ƙarshe. Famfon da aka gani yana zuba shekara huɗu da suka wuce, kada ka ɗora ranka a kansa.

Batun wuta lissafi ne, kuma gara ka yi shi da biro. Fawa-banki mai 10,000 mAh yana ɗauke da kimanin Wh 37 (Wh ma'auni ne na yawan wutar da batir ke riƙewa). Ba duka ke isa waya ba, wajen sauya ƙarfin wutar ana asarar wani kaso ya tafi a zafi, don haka ka ɗauka kashi 65 zuwa 70 cikin 100 na lambar da aka rubuta ne naka. Waya mai batir 5,000 mAh za ta cika sau ɗaya da ɗan ƙari ke nan, ba sau biyu ba. Ka auna naka cin: fita awa biyu da saitin da za ka yi tafiya da shi, ka ga kashi nawa ya sauka, ka ninka da awannin yini, ka ninka da kwana huɗu, ka ƙara rabin abin da ka samu saboda fitila da sanyi da ranar da za ka ɓata. Ga mai na'ura a kan keke da waya a yanayin jirgi, 20,000 mAh yakan wadatar. Gara guda biyu masu 10,000 da ɗaya babba: in ɗaya ya lalace kana da ɗaya, kuma kana iya cika su lokaci guda. Ka nemi masu karɓar caji da sauri, da kan caja mai rami biyu ko uku na wat 30 zuwa sama, domin sau da yawa abin da za ka samu soket ɗaya ne na awa ɗaya a wurin cin abinci. In akwai jirgin sama a tafiyar, fawa-banki a jakar hannu yake shiga, ba a kayan da ake aunawa ba, kuma iyakar da aka saba ita ce Wh 100. Mai 20,000 mAh Wh 74 ne, ya wuce lafiya.

Wanda zai daɗe fiye da haka ba wuta, sai ya samar da tasa. Dinamo na cikin cibiyar ƙafar gaba, irin na SON ko Shutter Precision ko Shimano, an ƙera shi ya ba da volt 6 da wat 3. Wutarsa mai kai-da-komo ce, don haka sai an haɗa da ƙaramin akwatin da ke mayar da ita ta USB. Awa 5 na tafiya mai kyau za su ba ka kusan Wh 15 kafin asara, wato abin da bai kai cikar waya ɗaya ba amma ya ishi na'urar GPS da rara. Sharaɗinsa gudu: a kilomita 15 zuwa 20 a awa yana aiki sosai, a dogon hawa da kake jan ƙafa a 6 ko 7 kusan babu komai. Kada ka haɗa waya kai tsaye da shi. Duk lokacin da gudunka ya sauka ya hau, caji yana yankewa yana dawowa, allo yana kunnuwa yana mutuwa, sai ka ƙare da asarar wuta maimakon riba. Ka cika fawa-banki da rana, ka ba waya da dare. Faifan sola mai naɗewa na wat 15 zuwa 20 yana da amfani a ƙasa mai rana, amma a shimfiɗe a bayan keke, inuwarka na faɗa masa, kusurwarsa na sauyawa, da wuya ya ba da rabin abin da aka rubuta. Ya fi yin aiki a hutun tsakar rana in ka jingina shi yana kallon rana sosai, fawa-bankin kuma a inuwa. Ƙaramin solan da ke manne a jikin wasu fawa-banki kuwa ado ne. Kuma kada ka yi wa batirin lithium caji a sanyin da ya kai digiri 0, yana lalata shi. A dare mai sanyi ka kwana da waya da fawa-banki a cikin jakar barcinka.

Abin da ya fi saurin mutuwa a duk wannan tsari igiyar caji ce da raminta. In kana tafiya da igiya a soke a na'ura, kowane rami da tayarka ta faɗa yana lanƙwasa bakin, bayan mako uku sai ka ga sai ka danna ta gefe guda kafin ta kama. Ka ɗauki igiyoyi gajeru guda uku, ka yi caji a tsaye in da hali.

Wani lokaci ɗigon zai yi tsalle. Tsakanin dogayen gine-gine, cikin kwazazzabo, ko ƙarƙashin kurmi mai duhu, saƙon yana dukan bango ya dawo kafin ya iso ka, sai na'urar ta ajiye ka mita 30 ko 50 a gefe. Sababbin na'urori masu sauraren zango biyu, L1 da L5, sun rage wannan, amma suna ƙara cin batir, don haka a fili ka mayar da ita GPS kaɗai. Kusa da wuraren da ake yaƙi ana toshe saƙon ko a gurɓata shi da gangan, har na'ura ta nuna kana wata ƙasa. A Sin kuma taswirorin cikin gida suna amfani da wani tsari mai suna GCJ-02 wanda ke gusar da wurare da ɗaruruwan mitoci daga tsarin WGS 84 na GPS, don haka sawun da aka zana a kan ɗaya ba ya hawa daidai a kan ɗayan. Taswirar OpenStreetMap tana kan WGS 84, ta dace da na'urarka.

Ka koyi karanta lambobin matsayi, domin ranar da za ka nemi taimako su za a tambaye ka. Ana rubuta su iri biyu, kuma rikita su yana da tsada: 12.30 da digiri 12 da minti 30 ba ɗaya ba ne. Na biyun 12.50 ne, digiri ɗaya kuwa daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, don haka wannan ɗan bambancin ya kai kilomita 22. Ka saita waya da na'ura a kan tsari ɗaya, ka lura da alamar ragi da ke nuna kudu ko yamma. Kuma tunda GPS ba ya aika komai, ba wanda ya san inda kake don kawai na'urarka tana kunne. Mai son a riƙa ganin sa daga gida, ko ya iya kiran agaji inda babu sabis, sai ya ɗauki na'urar saƙo ta tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach, wadda ke aiki da taurarin Iridium kuma ake biya mata kuɗin wata. Ka duba dokar kowace ƙasa kafin ka shiga da ita. A Indiya, alal misali, an haramta irinta ba tare da izini ba, kuma ana kama matafiya a filin jirgi a kanta.

Taswirar takarda mai ma'aunin 1:200,000 zuwa 1:400,000 tana nuna maka abin da allo mai faɗin tafin hannu ba zai nuna ba, wato yankin gaba ɗaya da hanyoyin da za ka iya zagayawa. In ba ta samu ba, kowace safiya ka rubuta sunayen garuruwan yinin a jere da tazararsu a 'yar takarda, ka maƙala ta inda idonka ke kai. Matambayi ba ya ɓata, amma ka iya tambayar: ka ambaci gari na gaba, ba wanda ke nesa da kilomita 300 ba, kuma kada ka ce "wannan ce hanyar wuri kaza?", domin mai kunya zai ce maka e. Ka ce "ina hanyar wuri kaza?" Direban babbar mota ya fi kowa sanin inda gada ta karye, sai dai in ya ce maka hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu, ka tuna da inji yake hawa.

Mako biyu kafin tashi, ka yi tafiyar gwaji ta kwana biyu da cikakken kaya, waya a yanayin jirgi tun daga ƙofar gida, ba tare da ka taɓa soket ba. A hanya ka kauce wa layin da gangan ka ga abin da na'urar za ta yi. Ka zana sabuwar hanya a waya ba intanet, ka gwada tura ta zuwa na'urar. Wasu suna karɓa ta Bluetooth kai tsaye, wasu manhajarsu sai ta ga intanet, eTrex 22x da 32x kuwa sai da igiya da ɗan mahaɗin OTG, wanda ke ba waya damar karanta na'urar da aka soka mata, ko ka cire katin memorinta ka sa a waya. In taka tana cikin masu neman igiya, mahaɗin nan ya shiga jakar gyara tare da facin taya tun yau.